Keke, sanda da ƙafar roba: me ya sa kayan da ake raba wa masu larurar tafiya ke ƙarewa a soro?

Kusan kowa ya taɓa ganin irin wannan hoton. An kafa rumfuna, an jera kekunan guragu sababbi fil, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. Mai girma ya kama bayan keke guda ya tura wani bawan Allah taku biyu, 'yan jarida sun ɗauka, an shafa fatiha, an watse. Abin da kyamara ba ta komawa ta ɗauka shi ne halin da keken ke ciki bayan 'yan watanni. Sau da yawa yana jingine a soro, ƙananan tayoyinsa na gaba sun kakkarye, ko yara sun ɗora masa jarkoki suna ɗebo ruwa. Mai keken kuwa ya koma kan hannu da gwiwa, da silifas a tafin hannu, kamar ba a taɓa ba shi komai ba.

Masu rabo sukan ce rashin godiya ne, ko kuma an sayar. Akwai masu sayarwa, ba a musu. Amma kafin a yanke hukunci, ya kamata a tambayi dalilin da zai sa mutum ya ajiye abin da aka ce zai ɗauke masa wahala, ya koma jan jiki a ƙasa. Amsar takan fito daga ɗayan wurare uku: ko abin bai dace da jikinsa ba, ko bai dace da hanyar da yake bi ba, ko kuma ya lalace babu mai gyara. Ba wanda zai kwaso takalma lamba 42 ya raba wa unguwa guda ya ce kowa ya saka, amma haka muke yi da keken guragu, alhali ɓarnar keken da bai dace ba ta fi ta matsattsen takalmi nesa ba kusa ba.

Kalmar "gurgu" ita ce ta fara ruɗa mu, domin ta tara mutanen da larurarsu ba ɗaya ba ce a ƙarƙashin suna guda. Wanda shan inna ta taɓa yana yaro, ƙwayar cutar ta kashe masa jijiyoyin da ke motsa tsoka ne, amma yana jin zafi da sanyi da tsini a ƙafarsa, kuma galibi hannuwansa sun yi ƙarfi fiye da na mai ƙafa. Wanda ya karya ƙashin baya a haɗarin mota laka ta taɓu, shi ba motsi kaɗai ya rasa ba, har da ji. Kana iya soka masa allura a cinya bai sani ba. Dattijon da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki yana da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya masu aiki, don haka keken da ake turawa da hannu biyu zagaye kawai zai riƙa yi da shi. Ga wanda aka yanke wa ƙafa saboda ciwon suga, ko tashin bam, ko ɗorin gida da aka ɗaure tamau har jini ya daina gudana naman ya ruɓe. Ga yaron da ya samu matsalar ƙwaƙwalwa tun haihuwa, wanda ko kansa ba ya iya riƙewa. Ga tsohuwar da ciwon gwiwa ya hana zuwa maƙwabta barka. Kowannensu abin da zai tashe shi daban.

Kuma ba su da kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 na buƙatar keken guragu, wato kimanin miliyan 80 a duniya. Rahoton da ta fitar tare da UNICEF a 2022 ya ce mutum fiye da biliyan 2.5 ke buƙatar wani abin taimako, daga tabarau zuwa ƙafar roba, kuma kusan biliyan 1 daga cikinsu ba su samu ba. A wasu ƙasashe matalauta, kashi 3 cikin 100 ne kacal na mabuƙata ke samu.

A fara da sanda, tunda ita kowa ya raina. Abu biyu ake yawan kuskurewa. Na farko, ana riƙe ta ne a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya, ba ɓangaren mai ciwo ba, sai sandar da ƙafa mai ciwon su tafi tare. Mutane da yawa akasin haka suke yi, shi ya sa za ka ga suna tafiya a karkace. Na biyu tsawo: idan mutum ya tsaya ya saki hannunsa, mariƙin sandar ya zo daidai wuyan hannu. Sai kuma robar da ke gindinta. Abu ne mai arha, amma da zarar ta cinye, sanda a kan tayil ko jiƙaƙƙen siminti ta zama abokiyar gaba. Sandar hamata kuwa, duk da sunanta, ba a hamata ake ɗora nauyi ba, a tafin hannu ne. Ana barin tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin hamata da kan sandar, domin akwai jijiyoyi da ke ratsawa ta nan zuwa hannu. Wanda ya daɗe yana rataye jikinsa a kansu yana iya wayar gari wuyan hannunsa ya saki. An je neman ƙafa an rasa hannu.

Akwai kuma ƙarfen ƙafa da ake haɗawa da takalmi, wanda ke riƙe gwiwar mai shan inna kada ta lanƙwashe idan ya taka. Yara da yawa da ke rarrafe a titunanmu, da an same su da wuri an miƙar da gaɓoɓin da gashin ƙashi ko ƙaramar tiyata an saka musu wannan ƙarfe, da da sanduna suke tafiya a tsaye. Idan aka bar yaro shekaru yana jan jiki, gwiwa da ƙugu sukan ƙage a lanƙwashe, aikin ya zama babba.

Yanzu ga keken da aka fi rabawa, mai naɗewa, mai mazaunin leda. Asalinsa Amurka ne. A 1933 wani injiniya mai suna Harry Jennings ya ƙera shi domin abokinsa Herbert Everest, wanda ya karya baya a haɗarin ma'adinai, don a iya naɗe shi a saka a mota. Ƙira ce mai kyau ga inda aka yi ta: daɓe mai santsi, titi mai kwalta, mota a ƙofar gida. Irin da ke zuwa mana a kwantena galibi an yi shi ne don ma'aikacin jinya ya tura marar lafiya daga gado zuwa ɗakin hoto, tafiyar minti biyar. Ba a yi shi don mutum ya wuni a ciki ba, balle ya ratsa lungu da shi.

Duba yadda yake. Tayoyin gaba ƙanana ne sirara, suna shiga yashi suke nutsewa, suna cin karo da tsakuwa suke tsayawa cak, mai keke ya kifa ta gaba. Manyan tayoyin an kai su can baya, don haka mai tura kansa sai ya miƙa hannu baya yake kamo su, kafaɗa na shan wuya. A keken da aka auna da kyau, idan mutum ya zauna ya saki hannuwansa, yatsunsa sukan kai kusan tsakiyar tayar. Mazaunin kuma leda ce da ke lotsawa kamar raga, tana tattaro gwiwoyi ciki tana karkatar da ƙugu. Ga yaro mai girma, zama a irin wannan shekara da shekaru na iya ƙara lanƙwasa masa baya. Faɗin mazauni ya kamata ya bi faɗin ƙugu, tsawonsa kuma ya bar tazarar yatsu biyu zuwa uku a bayan gwiwa. Wa ya taɓa ganin tef ɗin awo a wurin bikin rabo?

Amma babban abin tsoro, wanda ya fi karyewar taya, shi ne gyambon zama. Mai lafiya ba ya sanin sau nawa yake gyara zama a cikin awa guda. Jikinsa ne ke gaya masa wuri ya gaji, sai ya muskuta. Wanda lakarsa ta taɓu ba ya samun wannan saƙo. Nauyinsa duka yana kan ƙasusuwa biyu na mazaunai, suna danne nama da fata a kan abu mai tauri, jini ya daina isa wurin. Cikin 'yan sa'o'i nama na iya fara mutuwa, kuma sau da yawa daga ciki yake farowa, kusa da ƙashi, kafin a ga komai a waje. Alamar farko a baƙar fata ba ja ba ce kamar yadda littattafan Turawa ke nunawa. Wuri ne zai yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi zafi, ko ya yi tauri. Idan ya fashe, ga zafin garinmu, ga gumi, ga fitsarin da wataƙila ba ya iya riƙewa, sai ƙwayoyin cuta su samu ƙofa har zuwa ƙashi da jini. Wannan gyambo na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe masu ciwon laka a ƙasashe irin namu. Maganinsa kuwa matashin zama ne na musamman mai rarraba nauyi, da koya wa mutum ya riƙa sunkuyawa gaba ko karkatawa gefe lokaci-lokaci don jini ya koma, da duba fata kullum da madubi. A ba mai ciwon laka keke babu wannan matashi, a ganina, ya fi kusa da cutarwa fiye da taimako, komai kyan niyyar mai bayarwa.

Wannan ne ya sa a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin bayar da keken guragu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ta ce keke ba ya zama "wanda ya dace" sai ya biya buƙatar mai shi da yanayin inda yake zaune, ya zauna masa daidai, ya yi ƙarko, ana samunsa a ƙasar, kuma ana iya gyara shi da kuɗin da ba su fi ƙarfin mutum ba. A sabon bugun 2023 an taƙaita aikin zuwa matakai huɗu: a zaɓa tare da mai larurar, a daidaita masa, a koya masa, a kuma riƙa bibiya. Mu mun ɗauki rabin matakin farko mun bar sauran.

Abin sha'awa, masu larurar da kansu sun daɗe da gano bakin zaren. Keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda ake gani daga Kano zuwa Maraɗi, bai yi kyan na kwantena ba, amma shi ne ke aiki. Sirrinsa a fili yake: kusan duk abin da ke jikinsa kayan keken hawa ne. Taya, sarƙa, feda, birki, boris, duk akwai su a kasuwar ƙauye. Ya yi faci, mai faci na bakin hanya. Ya karye, mai walda na nan. Manyan tayoyinsa na ratsa yashi da ramuka, sarƙa na rage wa hannu aiki, don haka ana cin dogon zango da shi. Ana ɗaura masa akwati a baya, ya zama shago: kati, goro, alawa, man fetur a kwalba. A Kano, ƙungiyar waɗanda suka kamu da shan inna ƙarƙashin Aminu Ahmed Tudun Wada ta shahara da ƙera irinsa, masu larurar ne da kansu ke yanka ƙarfe suna walda. A Jos ma akwai cibiyar Beautiful Gate, wadda Ayuba Gufwan, shi ma shan inna ta taɓa shi yana yaro, ya yi shekaru yana ƙera irin waɗannan kekuna ana bai wa mabuƙata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To amma kada a ɗauka an gama. Keke mai ƙafa uku na titi ne. Ba ya shiga ɗaki, ba ya juyawa a aji, ba ya matsawa kusa da tebur, ba ya shiga banɗaki. Mai shi yakan ajiye shi a ƙofa ya ƙarasa da rarrafe, a gaban ɗalibai 'yan uwansa ko abokan aiki. Bai dace da mai shanyewar ɓarin jiki ba, bai dace da wanda ba ya iya riƙe gangar jikinsa ba, kuma mazauninsa na katako ko ƙarfe haɗari ne ga wanda ba ya ji. Mata ma ba kasafai aka yi tunaninsu wajen ƙirarsa ba. Hawansa da zani aiki ne, ga sarƙa a gaban ƙirji tana neman bakin hijabi. Ina zargin wannan na cikin dalilan da suka sa maza ake gani a kan kekunan, matan kuma suna cikin gida, ba don sun fi ƙaranci ba. Gaskiyar magana, mutane da yawa abu biyu suke buƙata, ɗaya na cikin gida ɗaya na hanya.

Ko ɗan allon nan mai boris da ake zama a kai ana tura ƙasa da hannu, wanda mai wucewa ke gani ya ji tausayi, yana da dalilinsa. Yana shiga inda keke ba ya shiga, ana ɗaukarsa a saka a Adaidaita Sahu, kuma rayuwarmu ta ƙasa ce: a tabarma ake ci, a ƙasa ake hira, a ƙasa ake sallah. A kan irin wannan allo ne Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, wasan da yanzu ake bugawa a jihohi da dama har da maƙwabtan ƙasashe.

Akwai wani abu da ke tafe wanda ba a cika magana a kai ba. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, bayan an ga ta ƙarshe a Borno a 2016. An yi murna, kuma ta cancanta. Amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan, ciki har da yaran da suka kamu a shekarun da suka biyo bayan dakatar da rigakafi a Kano da wasu jihohi a 2003, waɗanda yanzu samari ne da 'yan mata. Likitoci sun san cewa shekaru 15 zuwa 40 bayan kamuwa, wani kaso mai yawa na masu shan inna kan fuskanci sabon rauni da gajiya da ciwon gaɓoɓi, domin jijiyoyin da suka rage sun gaji da ɗaukar aikin waɗanda suka mutu. Ƙara da kafaɗar da ta yi shekara 30 tana aikin ƙafa. Mai sanda a yau yana iya buƙatar keke gobe, mai keken hannu ya buƙaci mai inji. Babur mai ƙafa uku kuwa tun cire tallafin mai a 2023 ya zama na mai hali, keke mai batir kuma yana son wutar da za a yi caji da batirin da zafi ba zai kashe da wuri ba.

Ƙafar roba ita ma mutane sun ɗauka saye ake yi kamar takalmi. Ba ƙafar ce mai wuya ba, kofin da dungulmin ke shiga ne. Shi ake aunawa a jikin mutum, a zuba, a gwada, a goge, a sake gwadawa, domin idan ya matse wuri guda zai yi rauni, ga mai ciwon suga kuma ƙaramin rauni na iya jawo a ƙara yankewa sama. Dungulmi yana ramewa a watannin farko bayan tiyata, don haka kofin farko ba ya daɗewa sai ya yi yawa. Wurin da aka yanke ma yana da tasiri: wanda aka bar masa gwiwarsa yana tafiya da sauƙi sosai fiye da wanda aka yanke a cinya. Sannan akwai tambayar irin rayuwar da ƙafar za ta yi. A birnin Jaipur na Indiya, a 1968, likitan ƙashi P. K. Sethi da wani gwanin sana'ar hannu Ram Chandra Sharma sun lura cewa mutanensu na ajiye ƙafafun da aka ƙera irin na Turai, saboda ba a tsugunno da su, ba a tanƙwashe ƙafa a zauna, ba a shiga gona ba takalmi. Suka ƙera ta roba mai lanƙwasuwa da ke yin duk wannan. Duk wanda ya san masai na tsugunno da zaman tahiya ya san wannan matsalar tamu ce ita ma.

Wuraren da ake wannan aiki da ƙwarewa ba su da yawa. Asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959, shi ne madogarar yanki mai faɗin gaske, sai cibiyar da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta taimaka aka kafa a asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri saboda waɗanda rikici ya raba da gaɓoɓinsu. Ga mutumin ƙauye, kuɗin mota da na kwana da na ɗan rakiya, zuwa uku ko huɗu, na iya kai kuɗin ƙafar kanta. Babba yakan buƙaci sabuwa bayan 'yan shekaru. Yaro kuwa, tunda girma yake, kusan duk shekara sai an taɓa tasa.

A ce duk an dace, keke ya zauna daidai, matashi na nan, mai gyara na kusa. Saura hanya. Daga ɗaki akwai dokin ƙofa, daga soro akwai kwata, a bakin titi akwai kwalbatin da ba murfi, a masallaci akwai matakala, a banki akwai ƙofar nan mai kama da akwati wadda ko mai ƙiba da ƙyar yake shiga. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara yadda kowa zai iya shiga. Ta kuma tanadi tarar aƙalla naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara 2 ga jami'in da ya amince da zanen ginin jama'a da bai yi wannan tanadi ba. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa, wadda tun 2024 Ayuba Gufwan ɗin nan na Jos ke jagoranta. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Kowa na iya zagaya garinsu ya ƙirga da idonsa.

Inda aka yi gangaren ma, sau da yawa an yi shi ne don a ce an yi. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce duk tsayin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12. Matakala uku masu santimita 15 kowace sun tashi 45, ke nan gangarensu ya kai mita 5.4. Abin da birkila ke yi shi ne ya shafe matakalan da siminti a tsawon mita ɗaya da rabi, a manna tayil mai sheƙi a kai. Mai keke ba ya iya hawa shi kaɗai, idan kuma ya yi gangancin saukowa, sai dai a tare shi a ƙasa. Na taɓa tsayawa a ƙofar wani ofishi ina kallon irin wannan gangare, an yi masa fenti mai kyau har da zanen keken guragu a gefe. A daidai samansa, inda ya ƙare, an girke janareta.